Bakan Vilmos Ya Tafi Bai Taɓa Jini Ba

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Ƙungiyar Maharba ta ƙauyen Somlak, a madadin ɗan'uwanmu Vilmos Bodor, direban bas ɗin safe, tana sanar da dangi da abokan arziki rasuwar bakansa, wanda aka fi sani da Keke. Ya rasu ranar Juma'a da rana a bayan gidan mai shi, a gaban shaidu, bayan rashin lafiyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Mai shi ne ya kamata ya rubuta wannan sanarwa. An ba shi takarda da biro, ya zauna ya zuba musu ido har shayinsa ya huce, sannan ya turo mini su ya ce duk abin da na rubuta daidai ne. Ni kuwa busa ƙaho ne aikina a ƙungiya, ba rubutu ba, sai a yi haƙuri da abin da aka samu.

Wanda bai san gidan Bodor ba zai ce mene ne abin zaman makoki a kan baka. To, Baba Kalman, mahaifin Vilmos, shi ke riƙe da tsumagiyar ƙungiya tun kafin a haifi rabinmu. Duk wanda ya kashe namansa na fari, ana shimfiɗa dabbar a kan ɗanyun rassa, a sa mata ganye a baki a matsayin guzurinta na ƙarshe, maharbin ya kwanta rub da ciki a kanta, Baba Kalman ya tsula masa tsumagiya uku a mazaunai: ɗaya don Waliyyi Hubertus mai tsaron maharba, ɗaya don daji, ɗaya don abokan farauta. Daga nan mutum ya tashi yana sosa wurin, ya zama maharbi. Babu mai riƙe bindiga a Somlak da bai sha wannan tsumagiya ba, har likitan dabbobi, har ni da na kwana biyu ina zama a karkace. Mutum ɗaya ne tak bai sha ba, ɗan cikinsa.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mu a Somlak mun ga ta yi. Vilmos yana rufe ido idan bindiga ta tashi. Shi ya ce ba tsoro ba ne, idon ne ke rufe kansa, kuma na yarda da shi, don na ga ya tsaya ƙiƙam aladen daji ya wuce ta gefen ƙafarsa. Ranar da aka fara ba shi bindiga yana saurayi, ya rintse ido ya harba sama da kan zomo, uban ya zare bindigar daga hannunsa a gaban kowa, ya ce, "Je ka wurin masu koro." Ya tafi, kuma can ya zauna har furfura ta fito masa. Yana dukan itatuwa da sanda, yana ihu, yana koro wa wasu nama. Idan an gama sai ya tsaya can baya da hula a hannu, yana kallon ubansa na tsula wa 'ya'yan mutane.

Marigayin ya shigo rayuwarsa shekara uku da suka wuce, lokacin da Vilmos ya ji cewa doka ta yarda a yi farauta da baka, muddin mutum ya ci jarrabawa kuma bakan ya kai nauyin jan da aka ƙayyade. Baka ba ya ƙara. Wannan kaɗai ya ji, bai tsaya jin sauran ba. Suka tafi birnin Kanizsa shi da matarsa Piroska, wurin wata mai shagon kayan harbi da ake kira Jolan, mace ce da ba ta ɓata baki. Ta jingina shi da bango, ta sa ya ware hannuwa, ta auna shi daga yatsa zuwa yatsa. Da ta gane bahago ne sai ta yi tsaki, ta ce rabin shagon ya tashi a banza ke nan, don bakan na-dama ba ya yi wa bahago aiki.

Uku ta ajiye masa a kan tebur. Na farko mai tsada ne, baƙi, mai gudun tsiya, amma tsirara yake zuwa, babu abin saiti, babu kwari, komai sai ka saya daban. Vilmos ya gwada jansa, fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, tsirkiyar ko gezau. Na biyu na hannu ne, wani dogo ya taɓa riƙe shi, ya fi ƙarfin tsawon hannun Vilmos. Na uku shi ne marigayin, bakan 'yan koyo, a cikin kwali da dukan iyalinsa: abin saiti, kwari, kibau, da wata 'yar ƙugiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai kunama irin ta bindiga, da ita ake riƙe tsirkiya a saki. Piroska ta taɓe baki ta ce araha ba ta ado. Jolan ta ce ai ba ado aka zo saye ba, wannan tare suke girma da mai shi: yana farawa da nauyin da yarinya za ta ja, sai a riƙa ɗaure masa noti biyu kaɗan-kaɗan har ya kai na kashe barewa. Vilmos, wanda kafaɗarsa ba ta san komai ba sai sitiyari, ya ɗora hannu a kan kwalin.

Kafin su fita Jolan ta riƙe kwalin, ta ce, "Abu ɗaya zan gaya maka, in ka manta komai kada ka manta shi. Kada ka sake shi babu kibiya. Ƙarfin da ka tara a cikinsa dole ya tafi wani wuri. In babu kibiyar da za ta ɗauka, shi zai sha." Ta ƙara da cewa duk wanda ya roƙi ya ja, a ɗora masa kibiya tukuna, a juya shi ya fuskanci abin bara.

Sunan da ya bi marigayin har kabari Baba Kalman ne ya raɗa masa. Ya zo cin abincin Lahadi, ya tarar da shi a rataye, ya dubi 'yan tayoyi biyu da ke jikin bakan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da igiyoyin da suka zagaye su, ya tambayi Piroska ina sirdin da feda suke. Ya ce shi a zamaninsa in mutum yana son keke, keke yake saye. Aka yi dariya, Vilmos ma ya yi tasa, irin wadda yake yi wa fasinjan da ya taka masa ƙafa. Tun daga ranar tsohon bai ƙara ɗaga ido ya dubi bangon nan ba, balle ya taɓa.

Marigayi Keke mai haƙuri ne, ba ya ɗaga murya. Duk maganarsa a duniya kalma biyu ce: tsuf, idan kibiya ta bar shi, sai ɗif, idan ta shiga damin ciyawar da aka jingina da rumbun itace. Maƙwabta sun saba da su har Vendel, shugaban ƙungiyarmu da ke katanga ɗaya da su, ya ce da su yake gane bas ɗin safe ya dawo. Bai taɓa raina mai shi ba. Lokacin da kafaɗar Vilmos ba ta da ƙarfi, da sauƙi ya bi da shi, da ta yi ƙarfi ya ƙara masa nauyi bai yi gori ba. Yana da wata ɗabi'a da Vilmos yake yawan yabo: farkon ja yana da wuya, amma da zarar ka kai tsirkiya kunci sai tayoyin su karɓe nauyin, ka tsaya kana numfashi kamar ba ka riƙe komai ba. Kuma a gabansa, in ji mai shi, ido bai taɓa rufe kansa ba ko sau ɗaya.

Ba za mu ce ba shi da laifi ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Ya huda bokitin Piroska, ya fasa kabewar da ta ware don gasar coci, kuma ƙofar rumbun itace tana ɗauke da shaidarsa har yau. Amma mai rai, ko ɓera, kibiyarsa ba ta taɓa ba.

A bana abubuwa biyu suka haɗu. Da damina Vilmos ya ɗaure notin zuwa inda doka take so, ya je ya ci jarrabawa, ya dawo da takardarsa a aljihun gaba. A watan nan kuma likita ya duba idon Baba Kalman ya ƙi sabunta masa takardar riƙe bindiga. Al'adarmu ita ce tsumagiya tana hannun mai farauta, ba wanda ya ajiye ba, saboda haka aka tsayar cewa ranar Lahadi, ranar bikin Hubertus, tsohon zai miƙa ta ga Vendel. Vendel mutumin kirki ne, amma ba tsumagiyarsa Vilmos ya yi shekara uku yana ɗaure noti dominta ba. Bai faɗa wa kowa ba, kowa kuma ya sani. Piroska ce ta fasa ƙwan a shagon burodi, ta ce mijinta ba barewa yake nema ba, bulala yake nema, kuma ita da ta sani da tuni ta ba shi a gida. Ƙungiya ta ba shi izinin barewa ɗaya da wurin zama a bakin gonar masara, inda wata take fitowa kullum kafin rana ta faɗi. Yammaci biyu suka rage masa, Juma'a da Asabar.

Ranar Juma'a da rana Vilmos yana bayan gida yana gwada hannu, ni da Vendel muna jingine da katanga muna ba shi shawarar da bai nema ba, sai ga Baba Kalman da rigar farautarsa da hularsa mai gashin alade. Ba wanda ya kira shi. Ya ce ya zo ne ya zauna da yaron a bakin gona, don kada ya harbi saniyar mutane. Ya tsaya yana kallo, tsuf, ɗif, tsuf, ɗif, kibau suna taruwa wuri ɗaya kamar an dasa su da hannu. Can sai ya miƙa hannu ya ce, "Kawo Keken nan in gani."

Ya kamata a sani cewa tsohon shi ma bahago ne. Shi ne kaɗai abin da Vilmos ya gada a wurinsa, kuma a duk Somlak babu wani mahaluƙi da bakan zai zauna wa a hannu sai shi. Vilmos ya yi duk abin da aka koya masa. Ya ɗaura wa uban ƙugiya a wuyan hannu, ya ɗora kibiya a kan tsirkiya, ya juya shi ya fuskanci dami. Rabon da ya riƙe hannun ubansa har ya manta.

Sai Baba Kalman ya yi abin da ya koya wa kowannenmu da tsawa da zagi tun muna samari. Ba a karɓar makami da harsashi a ciki. Ka buɗe, ka cire, ka nuna wa mai shi, sannan ka gwada kunama, don makamin da babu komai a cikinsa ba ya cutar da kowa. Ya zare kibiyar a hankali, cikin ladabi, ya miƙa wa ɗansa. Ni da Vendel muka gyaɗa kai, don a wurinmu daidai ya yi, mu ma 'yan bindiga ne.

Vilmos ya tsaya da kibiya a hannu. Maganar Jolan tana bakinsa, ya ce har ɗanɗanonta ya ji. Amma bai taɓa gyara wa ubansa magana a kan makami ba, balle a gaban maharba biyu, kuma ya ɗauka ja kawai zai yi ya mayar. Tsohon ya ja, ya cije, ya ƙara ja, sai tayoyin suka juya, nauyin ya sauka. Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Kai, Vili, ashe yana tausaya wa mutum." Yana cikin murmushin nan yatsansa ya sami kunama, kamar yadda ya saba samunta duk rayuwarsa.

Marigayin da bai taɓa ɗaga murya ba ya yi ƙara ɗaya, tau, wadda ta tayar da tattabarun coci. Tsirkiya ta tsinke ta zabge tsohon a damtse, tayar sama ta karkace, fiffiken bakan na ƙasa ya tsage tun daga gindi, abin saiti ya yi tsalle ya faɗa cikin kabejin Piroska. Ni na rufe ido, Vendel ma ya rufe, ba ma jin kunyar faɗa. Da na buɗe sai na ga tsohon bai dubi bakan ba, bai dubi jinin da ke bin hannun rigarsa ba, ɗansa yake kallo.

"Ba ka ƙifta ba," in ji shi.

"Ban ƙifta ba, Baba."

Vilmos ya karɓi gawar, ya kwance wa uban maɗaurin, ya kira Piroska ta kawo ruwan zafi da tsumma. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba, bai ma zauna ba. Ya shiga cikin kabeji ya nemo abin saiti, ya goge shi da rigarsa. Da rana ta kusa faɗuwa ya tafi bakin gonar shi kaɗai, hannu rabbana, ya zauna inda aka ba shi. Barewar ta fito a kan lokacinta, ta matso har yana jin tana tauna, ta ci ta ƙoshi ta koma. Na tambaye shi me ya ji, ya ce sanyi.

Da safiyar yau Asabar aka kai marigayin Kanizsa. Jolan ta ɗaga shi ta duba a hasken taga, ba ta tambayi abin da ya faru ba, sai wane ne. Vilmos ya ce shi ne. Ta dube shi ta ce ƙarya yake yi, amma ba ruwanta. Ta ce irin waɗannan ba a yi musu gyara, fiffike da taya da tsirkiya sun fi sabon kwali tsada, kuma na bahago sai an aiko da shi, kafin ya iso a daidaita shi da hannu da ido dusar ƙanƙara ta sauka. Bakin alƙalami ya bushe. Vilmos ya yi mata godiya, ya saya wa Piroska sabon bokiti a hanya, don shagon yana kusa.

Marigayin ya bar kibau biyar, da ta shida da ta ɓata a cikin ƙaiƙayin bayan gidan Vendel tun shekarar farko, wadda har yanzu ba a sanar da ita ba. Ya bar kwari, da 'yar ƙugiya mai kunama da ba wanda ya ɗora wa laifi, da ɗan makullin ɗaure noti da ke cikin zoben makullan bas. Ya bar damin ciyawa da ya sha wuya a hannunsa amma bai taɓa kai ƙara ba. Ya bar kafaɗar hagu guda ɗaya da ta fi 'yar'uwarta kauri, ba ta san abin da za ta yi da kanta ba yanzu. Ya kuma bar Piroska, wadda ta yi shekara uku tana cewa a cire mata shi daga bango, yau kuma aka gan ta tsaye tana kallon ƙusar.

Game da jana'iza, an sami canji, kuma ga dalili. Ɗazu da rana Baba Kalman ya same mu ni da Vendel a ɗakin ƙungiya, damtsensa a naɗe, tsumagiya a hammata. Ya tambaye mu abin da al'ada ta ce a kan wanda ya kashe irin naman da bai taɓa kashewa ba. Muka ce ya fi mu sani, kwanciya yake yi a kai ya sha uku daga hannun wanda ya san irin naman. Ya ce to, shi ya kashe barewa, ya kashe alade, ya kashe dila da zomo da duk abin da ke tashi sama, amma bai taɓa kashe baka ba sai jiya, kuma mutum ɗaya ne a garin nan ya san baka. Vendel ya yi gyaran murya ya ce tsumagiya ba ta shiga hannun wanda bai sha ta ba, haka aka gada. Tsohon ya ce, "Har gobe da tsakar rana tawa ce, ina ba wanda na ga dama. Bayan nan in kana so ka je ka karɓa a hannunsa." Vendel ya dubi ƙasa ya ce shi dama kafaɗarsa tana damunsa.

Ni aka aika in gaya wa Vilmos cewa gobe shi zai riƙe tsumagiyar. Na same shi yana wanke bas. Ya saurara har na gama, ya ce to, ya ci gaba da wanki. Har na juya sai ya kira ni, ya ce shi kullum daga baya yake tsayawa, kawunan mutane suna tare masa, bai taɓa gani da kyau ba, da wane hannu ake bugun? Na ce tun da nake ban taɓa ganin an buga ta da dama ba. Ya dubi hannunsa na hagu da kumfar sabulu a kai, ya daɗe yana kallo.

Saboda haka za a yi jana'izar marigayi Keke gobe Lahadi bayan an fito coci, a filin gaban ɗakin ƙungiya, kafin a zuba farfesu. Za a shimfiɗa shi a kan ɗanyun rassa ta gefen damansa kamar kowane nama mai daraja, a saƙala masa ganye a tayar sama, ni kuma zan busa masa ƙahon sallama. Daga nan Kalman Bodor zai cire hula ya kwanta, kuma ana roƙon mutum biyu masu ƙarfi su tsaya kusa don tayar da shi, saboda gwiwa. Bayan an gama za a mayar da mamacin kan ƙusarsa, bisa buƙatar Piroska. Iyali sun roƙi kada a zo da bindiga, kada a zo da shawarar wane baka ya kamata a saya nan gaba, wanda ya zo da giyar palinka kuma ya riƙe ta sai an tashi. Allah ya ba mu haƙurin rashi. Kowa ya tsaya inda ya saba tsayawa, masu koro a baya. Za ku ga gurbi ɗaya a cikinsu babu kowa, a bar shi haka.